Ranar da Ƙararrawar Shinge Ta Yi Shiru

Burodi ne a warwatse a kan layin dogo, tun daga bakin shingen titi har kusa da dandamalin tasha, wani yana cikin leda, wani jirgi ya bi ta kansa ya mai da shi faifai. Keken mai burodin, mai ƙafa uku, yana kwance cikin kwata, ya lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka. Shi kansa mai burodin an riga an kwashe shi zuwa asibiti, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ba ka nasa labarin. Wannan ya ce ƙafa ce kawai, wancan ya ce da wuya ya kai azahar. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: jirgin farko ya iso, shingen titi yana sama, ba a sauke ba.

Baba Mai Sawu yana karin kumallo 'yarsa ta faɗo gidan ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafa. Ita ce mai sayar da tikiti a tasha, mijinta kuma shi ne mai shinge, wanda aikinsa ke nan ya sauke ƙarfen da ke tare motoci in jirgi zai wuce.

"Baba, sun kulle shi," ta ce. "Sun ce barci yake yi. Wallahi Baba ba ya barci a bakin aiki, ka san shi."

"Zauna, Uwata. Sha ruwa tukuna."

"Ba zan iya ba. Kofur ya ce da jirgin la'asar zai tafi da shi birni."

Tsohon ya ture kwanon gefe. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa yana bin layin dogo a ƙafa, yana duba kusoshi da katako, har gwiwa ta ce ta gaji aka sallame shi. Ubansa maharbi ne, shi ya koya masa karanta ƙasa tun yana ƙarami. Shi ya sa har gobe in akuya ta ɓace ko an ɗauke keken wani daga rumfar ajiya, ƙofarsa ake bugawa. Bai taɓa bin sawu mai nauyin na yau ba, don ya san wanda aka kai birni da laifin jini ba ya dawowa da wuri.

*

Tashar nan ba don mutane aka gina ta ba tun asali. A zamanin jirgin kwal, wurin shan ruwan inji ne kawai: rijiya ɗaya, tanki ɗaya, bukka ɗaya, sai daji. Da kuɗin haya ya kori talakawa daga birni, suka zo suka kewaye ta da gidaje, sai jirgin ya koma kwasar ma'aikata da safe yana dawo da su da yamma a gajiye. Aka yi tagar tikiti, aka yi ɗakin jira mai benci, aka yi rumfar kekuna da gadar tsallake, aka kafa lasifikar da har yau ba wanda ya taɓa gane abin da take faɗa. A watan da ya wuce ma aka ƙara jirgin sassafe saboda masu kai kaya kasuwa. Komai an taɓa shi da fenti, ban da wayar da ke kaɗa ƙararrawa a ɗakin mai shinge in jirgi ya tunkaro kwana.

Jama'a sun cika gaban tasha maƙil. 'Yan uwan mai burodi suna gaba, ƙanensa riƙe da wani guntun katako da yake ta juyawa a hannu. Kofur, ɗan sandan tashar, yana tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar kaya, gumi na zuba masa tun rana ba ta yi zafi ba.

"Baba, ban kulle shi don mugunta ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "In na bar shi a waje waɗannan za su raba shi biyu. Amma jirgin la'asar na zuwa, da shi zan hau. Umarni ne daga sama."

"In na kawo maka wani kafin nan fa?"

"Kawo shi da hujja, in sake maka surukinka da hannuna."

A ciki, mai shinge yana zaune kan wani tsohon akwati, idanunsa sun yi jajur. Da ya ga surukinsa sai ya zame ya durƙusa.

"Tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina kake lokacin da jirgin ya zo?"

"Ina cikin ɗaki, Baba, idona biyu. Ƙararrawa nake jira. Ka san doka, ba a sauke shinge sai ta kaɗa, in ba haka ba direbobi su cinye ni da zagi, don jirgin nan yau ya zo da wuri, gobe ya makara. Kwanar nan kuma ga bishiyoyi, ba a hango komai. Sai kawai na ji oda a kaina. Na ruga na kama hannun shinge, kafin ya sauko rabi..." Ya rufe fuska da tafukansa.

"Ƙararrawar ba ta kaɗa ba?"

"Ko ƙis."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Suka ce kowane mai barci haka yake cewa."

*

Mai shayin bakin tasha ba ya jira a tambaye shi. Tun kafin tsohon ya zauna a benci ya fara zuba, yana fifita shayi yana fifita magana.

"Ni dai ba na son in shiga maganar mutane, Baba," ya ce, shi da ba maganar da ta taɓa wuce shi. "Amma jiya da yamma na ga ɗan gwangwan da kurarsa ta tura kaya a gefen layi, can wajen kwana. Me mai sayen ƙarafa yake nema a gefen layi? Kai ma ka san amsa."

"Yau da safe fa, wa ka gani?"

"Ina hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido. Na dai ji oda, na ji ƙara, na ji salati. Amma ɗan gwangwan ɗin nan, tun ranar da ya ce a sayar masa da tsohuwar butata na san idonsa ba na Allah ba ne."

Abin takaicin shi ne ba Baba Mai Sawu kaɗai ya ji wannan ba. Mutum biyar suna kan bencin, kuma kafin ya miƙe biyu sun riga sun sulale sun nufi wajen 'yan uwan mai burodi.

*

A wajen kwana ya tarar da shugaban tasha da Mai Waya suna tsaye kan kwalbatin da wayar ƙararrawa ke bi. An ɗage murafan siminti an jingine su a gefe, kuma tsawon tafiyar kamar tarago uku babu waya a ciki, wayam.

Ganin haka sai wani nauyi ya sauka daga ƙirjin tsohon. Ashe yaron gaskiya ya faɗa.

"Kada ka yi saurin murna, Baba," in ji shugaban tasha, mutum mai sanyin hali wanda tashin hankalin yau ya tsufar da shi. "Na nuna wa Kofur. Jama'a yanzu cewa suke da shi aka haɗa baki, shi ya san lokacin da ba kowa a layi. Wai shi ya nuna wa ɓarayi hanya, su raba. Laifin ya ƙaru, bai ragu ba."

Mai Waya yana gefe yana kallon kwalbatin. Shi ne ma'aikacin da ke kula da duk wayoyin tashar, kuma abokin Baba Mai Sawu ne tun suna samari masu gashi baƙi. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. A kwano ɗaya suka yi ta cin abinci a gindin tankin ruwa, kuma shi ya yi wa Uwata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, saboda uban yana can kan layi. Yau fuskarsa ta yi fari fat, leɓensa ya bushe.

"Ɗan maharbi," ya ce da ƙyar, "ka ga abin da ya same mu."

"Na gani. Kai ka fara ganowa?"

"Ni ne. Bayan abin ya faru na biyo layin."

"Wayar nan ba ita ce kake ta kuka a kanta ba?"

"Ita ce. Ta ruɓe tun tuni. Duk ruwan sama sai ta mutu, in zo in ɗaure, ta tashi, ta sake mutuwa. Na kai kuka hedkwata har sun haddace muryata. Kullum amsa ɗaya: a yi mata faci."

"To yanzu dai dole su kawo," in ji shugaban tasha yana goge wuya da hankici. "Na buga musu. Gobe da safe motar kaya za ta iso da sabuwa. Ka san tsarinsu, abin da ya lalace a yi faci, abin da aka sace a maye gurbinsa nan take. Sai da jinin bawan Allah ya zuba."

Baba Mai Sawu ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga bakin wayar da ya rage. An yanke ta tsaf, ba da adda ba, ba da zarto ba, kuma an naɗe bakin da baƙin tef an ɗage shi sama don kada ya taɓa laima. Ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, ya tarar da haka nan. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ihu ya tashi daga bayan tasha.

*

Sun ritsa ɗan gwangwan a filin da yake tara kayansa, tsakanin matattun fankoki da ƙafafun gadaje. An riga an yaga masa riga, an kifar da sikelinsa, kuma ƙanen mai burodi ya ɗaga wani damin jan ƙarfe sama yana nuna wa jama'a.

"Ga ta nan! Ga wayar!"

Tsohon ya ratsa su da sandarsa, ba ya ko cewa gafara. Ya karɓi damin ya juya shi.

"Wannan cikin fanka ne. Dubi siririntarsa, kamar gashin jariri. Wayar ƙararrawa ta kai kaurin yatsana." Ya jefar da shi. "Ɗana, na san abin da ke cin ka. Yayanka ne kwance. Amma in ka fasa kan wannan, kai ma jirgin la'asar za ka hau, uwarku ta rasa biyu a rana ɗaya."

Saurayin ya tsaya yana huci, hawaye na bin kumatunsa, amma katakon ya sauko.

Ɗan gwangwan ya rarrafo ya kama ƙafar tsohon. "Baba, na rantse da abin da zai kashe ni, gwangwanayen lemo na je tsinta jiya. Fasinjoji suna jefowa ta taga a kwanar nan."

"Na ga sawun kurarka. Tururuwa sun riga sun yi hanya a kansa, na jiya ne. Amma faɗa mini gaskiya, ba don Kofur ba. Da kai ne ɓarawon, ina za ka yanka?"

Mutumin ya kalli jama'a, ya kalli tsohon. "Ai Baba, ba wai na taɓa ba..."

"Na ce da kai ne."

"To ai gaba kaɗan da wurin, wajen sandar sigina, akwai sabuwa da aka sa bara, mai kauri, jan ƙarfenta yana sheƙi. Ita ke da nauyi a sikeli. Waccan ta kwalbati ai ta zama gari, ta yi kore, ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Wanda ya bar sabuwa ya ɗauki waccan, wallahi bai san sana'ar ba."

Wasu suka yi dariya duk da halin da ake ciki. Baba Mai Sawu bai yi ba.

*

Ya koma kwana shi kaɗai, rana ta take tsaka. Mutane suna cewa tsakuwar layin dogo ba ta riƙe sawu, kuma ba su yi ƙarya ba, in ido kawai ka zo da shi ba haƙuri. Tsakuwar da ta daɗe a wuri samanta baƙi ne saboda man jirgi da ƙura. In ƙafa mai ɗauke da nauyi ta taka, sai wasu su juya, farin cikinsu ya koma sama. Ya sunkuya ya bi fararen nan ɗaya bayan ɗaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Sawun bai nufi titi ba, inda ɓarawo zai sa kaya a mota. Bai nufi unguwa ba. Baya ya yi, ya bi gefen tsohon layin da aka daina amfani da shi tun zamanin kwal, ya shiga cikin ciyawa mai kai wa ƙugu. A nan ƙasa ta yi laushi, sai ga sawun ya fito ɓaro-ɓaro: takalmin aiki, taku gajere-gajere, daidai tazarar katakon layi. Wanda ya shekara yana tafiya kan katakon dogo haka ƙafarsa ke zama, ko a tsakar gidansa. Tsohon ya waiga ya dubi nasa sawun a baya, iri ɗaya ne sak.

Ciyawar ta kai shi inda ya riga ya san za ta kai shi. Tsohuwar rijiyar inji tana nan ƙarƙashin wani faifan ƙarfe mai tsatsa, kuma yaran yanzu ko labarinta ba su sani ba. An ja faifan an mayar, ga sabon karce a jikin siminti. Ya ture shi da ƙyar, ya leƙa. Rijiyar ta cike da ƙasa tun tuni, ba ta fi tsayin mutum ba. Ya zura ƙugiyar sandarsa ya jawo.

Wayar ce. An naɗe ta da kyau, zagaye kan zagaye, an ɗaure ta wuri uku kamar za a mayar da ita sito. Duk jikinta faci ne, baƙin tef kan baƙin tef, kuma tsohon ya san hannun da ya yi kowane ɗauri, don sau da yawa shi ke riƙe wa mai hannun fitila.

Ya zauna a bakin rijiyar. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba tun rasuwar matarsa. Na ɗan lokaci har zuciyarsa ta raya masa ya mayar da wayar, ya ja faifan, ya ce sawu ya ɓace masa a tsakuwa. Wa zai ƙaryata shi? Sai ya tuna Uwata da takalmi ɗaya a ƙafa. Daga nesa lasifikar tasha ta yi gurnaninta, ya san jirgin azahar ne ke shirin wucewa, saura na la'asar. Ya cusa wayar cikin wani tsohon buhu da ya tsinta a ciyawa, ya saɓa a kafaɗa.

*

Uwata ta hango shi ta tagar tikiti, ta fito da gudu.

"Baba, an bugo daga asibiti. Zai rayu, amma sun yanke ƙafar. 'Yan uwansa sun ce ba za a hau jirgi da kowa ba, a nan za a gama." Ta kalli buhun. "Ka samu?"

"Je ki ce wa shugaban tasha ya buɗe ɗakin jira. Kofur ya kawo mijinki. A kira ɗan gwangwan da mai shayi, da mutum biyu daga dangin mai burodi." Ya ɗan tsaya. "Da Baffanki Mai Waya."

"Shi ma shaida zai bayar?"

"Je ki dai, Uwata."

Aka rufe ƙofar ɗakin jira, jama'a suka manne a tagogi. Mai shinge yana gefen Kofur da ankwa a hannu. Ɗan gwangwan ya rakuɓe a lungu yana riƙe da yagaggiyar rigarsa. Mai Waya ya zauna a ƙarshen benci, hularsa a kan gwiwa.

Tsohon ya zazzage buhun a tsakiyar ɗaki. Wayar ta faɗi tim, ƙura ta tashi.

"Ga abin da aka sace," ya ce. "A tsohuwar rijiyar inji na same ta. Ɓarawo ba ya sata don ya zubar a rami. Ɓarawo ba ya naɗe bakin waya da tef don kada ruwa ya shiga. Kuma ga mai sana'ar nan ya faɗa a gaban jama'a, ɓarawo ba ya tsallake sabuwa ya ɗauki ruɓaɓɓiya. Wanda ya yi wannan ya yanka daga inda ruɓa ta fara, ya tsaya daidai inda ta ƙare. Ko taƙi ɗaya na mai kyau bai taɓa ba."

"To wane ne?" ƙanen mai burodi ya daka tsawa. "Faɗi sunansa!"

"Surukina bai san rijiyar nan ba, ba a haife shi ba aka rufe ta. Ɗan gwangwan baƙo ne a unguwar nan. Mai shayi kuwa da ya sani, da duk gari ya sani." Ba wanda ya yi dariya. "Mu biyu muka rage a tashar nan da muka taɓa jan ruwa a cikinta. Ni ina gida ina karin kumallo."

Bai kalli kowa ba, ƙasa yake kallo. Yana roƙon Allah a ransa kada a tilasta masa ya furta sunan da bakinsa.

Benci ya yi ƙara. Mai Waya ya miƙe, hular ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

"Kofur, cire wa yaron nan ankwa," ya ce. "Ni na yanke."

Uwata ta dafe ƙirji. "Baffa?"

"Na gaji ne, 'yata. Duk damina ina kwana da tsoron ranar da za ta mutu ba na kusa. Na ce tunda sata kaɗai suke ji, bari in ba su sata. In yanke da asuba, in ɓoye, in dawo in ce wa mijinki ƙararrawa ta mutu, ya tsaya da tuta a kwana har gobe a kawo sabuwa. Na lissafa komai. Na ce ina da sauran lokaci mai yawa kafin jirgin farko." Muryarsa ta karye. "Tun ina saurayi jirgin farko sai rana ta fito yake zuwa. A jinina yake. Na manta an ƙara na sassafe. Ni da na ɗaura wa lasifika waya aka yi sanarwarsa, ni na manta. Ina kan rufe rijiya na ji oda."

"Kuma ka yi shiru!" mai shinge ya ce. "Tun safe kana kallo ana cewa ni ne, Baffa. Kana kallo!"

"Na yi shiru. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin da aka kulle ka, ƙafata ta ƙi shiga. Ba ni da abin cewa."

Ƙanen mai burodi ya yi kukan kura, Kofur da shugaban tasha suka tare shi. Mai Waya bai matsa ba, bai kare fuskarsa ba. Saurayin ya yi ta fizge-fizge har ƙarfinsa ya ƙare, ya zube kan benci yana kuka yana cewa, "Ƙafarsa fa? Da me zai tuƙa keken?"

Kofur ya buɗe ankwar. Ya juya wajen Mai Waya da ita, sai kuma ya mayar da ita aljihu. Uwata ta riƙe hannun mijinta tana shafa inda ƙarfen ya yi masa shaida, tana kuka, ita kanta ba ta san ko na murna ba ne ko na baƙin ciki.

*

Jirgin la'asar ya shigo a hankali, mai shinge yana can bakin titi da jar tuta, ya sauke ƙarfen tun jirgin bai fito kwana ba. Jama'a suka dare biyu a kan dandamali. Ba wanda ya yi jifa, ba wanda ya yi zagi, don rabin mutanen nan Mai Waya ya taɓa gyara musu wuta a gida bai karɓi komai ba.

A ƙofar tarago ya tsaya ya juyo.

"Ɗan maharbi."

"Na'am."

"Da ka mayar da ita rijiya, da ban yafe maka ba." Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin ya ƙi. "Abu ɗaya nake roƙo. Mai ɗakina ba ta san komai ba, ka san ba ta fita saboda ciwon ƙafa. Ka je ka faɗa mata da bakinka. Kada ta ji a bakin 'yan unguwa."

Tsohon ya gyaɗa kai. Jirgin ya ja, ya tsaya yana kallo har taragon ƙarshe ya ɓace.

Gidan ba nisa, bayan rumfar kekuna ne, amma bai taɓa jin tsawon hanyar ba sai yau. Ya yi sallama a zaure. Ta amsa daga tsakar gida da fara'arta, tana zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, ga kwano a rufe a gabanta.

"A'a, Yaya, kai ne? Shigo mana. Yau abokin naka ko karin kumallo bai dawo ya yi ba, tun asuba ya fita. Na ce in ya shigo sai ya gaya mini wace ce ta riƙe shi." Ta yi dariya, ta leƙa bayansa tana neman mijinta. "Ko yana tafe ne?"

Baba Mai Sawu ya cire takalmansa, ya jingine sandarsa a bango, ya zauna a bakin tabarmar.

"Ajiye kwanon nan tukuna," ya ce. "Shi ya aiko ni."